Dunduniyar Takalmin Saude

Jiya bayan azahar barci ya sace ni a rumfata ta gyaran takalma, sai ga mafarki. Na gan ni a wani asibiti inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa, kowa ya kifa lemarsa yana takawa. Likitan bunsuru ne mai tabarau, yana cinye katin marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya.

Ƙafafu zalla ke layi a kan benci, masu su sun tafi kasuwa. Nan take na gane na Saude. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Da Sallau muke kiran ta, kafin ta tafi Ikko ta dawo mace, da magani da komai. Shekara biyu ban amsa gaisuwarta ba.

Bunsuru ya ƙwanƙwasa gwiwar hagu, ya kasa kunne.

"Tafiya biyu ke dambe a ciki," in ji shi. "Tsohuwa mai buɗe ƙafa, da sabuwa mai gajeren taku. Nauyin jiki ya sauya mazauni, takalmi bai sani ba. Wa ya ƙara roba a gefen waje?"

"Ni ne. Ta nan Sallau ke cin dunduniya tun yana yaro."

"To, malam, wanda ba ya nan ka yi wa aiki."

Sai ga mu a tsakiyar kasuwa, tukwane na sayar da mutane. Saude ta taho tana ɗingishi, ta ɗauko ƙugunta a ka kamar tulu.

"Yaya," ta ce, "shekara talatin ina tafiyar aro don kada ka ji kunya. Yanzu tawa nake koyo, kuma wallahi da ciwo. In gwiwar nan ta tafi, da me zan tsaya gaban tukunyar tuwo?"

Na laluba aljihu neman guduma, sai na zaro tarwaɗa. Kai! Tausayi ya kama ni, na fashe da kuka, hawayen suka yi sama suka bar ni.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. A ƙarƙashin bencina akwai wata leda da Saude ta aiko sati uku ke nan, ban ko kwance ba. Na buɗe. Takalmin da na ɗinka ne tun kafin tafiyar Ikko. Robar gefen waje tana nan daram, gefen ciki kuwa ya cinye har fata.

Na ɗauko wuƙa na ɓamɓare robar.