Kujera ta Biyu a Tirelar Vendelin

Sau uku Vendelin yana taka babur ɗin ya tashi, sau uku ƙafarsa tana zamewa. A na huɗu sai ya kifa goshi a kan hannunsa yana haki.

Zdena maƙwabciyarsa tana shanya a bayan shinge. Ta ajiye kwando ta shigo.

"Maƙwabci, likita cewa ya yi ka kwanta. Ko kunnen ma ya tsufa?"

"Babur ne ya tsufa, ni garau nake."

A bayan babur ɗin akwai wata 'yar jar tirela mai taya ɗaya, wadda ta girmi 'ya'yan Zdena kaf. Tun yana ango yake jan ta zuwa bakin tafki duk bazara, da tanti da butar kofi da kujerun naɗewa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ko da matarsa ta rasu bai rage kujera ba, wai mai taya ɗaya in nauyi ya rinjayi gefe kayar da mutum take yi. Shekara tara ke nan yana leƙo shinge yana cewa, "Maƙwabciya, kujera ɗaya fa ba kowa." Ita kuwa kullum, "Sai baɗi." Tana so ƙwarai, bakin mutanen ƙauye take tsoro.

Yau da ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai ta gane. Babu wata baɗi.

"Sauko," in ji ta.

Ta fiddo kujerun ta kafa a gindin bishiyar tuffa, ta dafa kofi, ta jawo bahon wankinta gabansu.

"Tafkin ke nan?" in ji shi.

"Yi haƙuri, kifayen sun tafi unguwa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Da na san haka ne, Zdena, ai da tuni na kashe babur ɗin nan da hannuna."

Matar mai gidan burodi ta zo wucewa tana miƙa wuya. Zdena ta ɗaga mata kofin, ta gyara zama.

Bayan kwana biyar ya cika, da hantsi, a kan gadonsa.

Da ɗansa ya zo kwashe kaya, ya turo tirelar zuwa ƙofa yana ta mita, wai me ya sa take karkata hagu. Zdena tana jin sa daga bayan shinge, zaune a kujerar naɗewa, kofinta ya huce a hannu.