Darasin da Na Zo In Faɗi

…kuma faɗuwa ai ba abu mai wuya ba ne, Dada, babana. Mutane suna faɗuwa kullum ba su yi niyya ba, balle ni da na zo da shirina. In juya wa ɗalibai baya. In yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori. In cika allo da rubutu har a kaɗa ƙararrawa, shi ke nan. Sufeton nan da aka turo daga jami'a, ga shi can a bencin ƙarshe, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa — ya rubuta abin da zai rubuta. A ce Ravaka ba ta ci koyarwar gwaji ba, ta maimaita shekara. Shekara guda cur a gida, kusa da kai.

In na ci fa? Kai ma ka sani, kana dai yi kamar ba ka sani ba. Ba a barin sabon malami a Tana, babban birnin nan. Ana miƙa maka shaidar koyarwa, ana nuna maka hanyar tasha. Kudu, ko can gabas inda damina ke cinye hanya. 'Yan ajin da ke gabanmu, wa ya dawo? Sai dai murya a waya, tana yankewa…

Allin nan ya jiƙe a hannuna. Yuni ne fa, watan sanyinmu, amma zufa nake yi. Darasin Sifaniyanci: kayan abinci a kasuwa. Rubuta. Shinkafa, wake, gishiri. Rubuta kawai, kar ki waiwaya.

To wa zai ji ka? Abin da nake tambaya ke nan, kuma babu mai ba ni amsa. Tun ranar da ka faɗi a bakin rijiya, ɓarin damanka ya shanye, harshenmu ya fice daga bakinka kamar an bi da tsintsiya. Malagasi, harshen uwarka, babu ko kalma. Faransancin makaranta, babu. Sai Sifaniyanci — harshen da ka ɗebo a Kyuba kana saurayi, lokacin da gwamnati ta tura ku koyon aikin rake. Shi kaɗai ya ƙi tafiya, shi ma guntu-guntu. Likita ya ce yana faruwa. Yana faruwa… kamar ruwan sama yake nufi.

Neny kuwa, uwar tawa, ba ta yi kuka a gabanka ba ko sau ɗaya. Sai dai ta leƙo daga madafa, ludayi a hannu: "Ke Ravaka, zo ki ji abin da baƙon nan namu yake so. Tun ina budurwa nake dafa wa mutum, yau sai da tafinta zan san ko miyata ta ji gishiri." Kana dariya da rabin baki. Ita ma tana yi. Sai ta koma ciki, in ji ludayin ya yi shiru.

Ta koyi kalmar ruwa. Ta koyi kalmar zafi. Amma ranar da kake son a juya ka saboda bayanka, ta kawo maka bargo, ta kawo ruwan ƙanzo, ta kawo rediyo… kana ta maimaita abu ɗaya, hawaye na bin kunnenka, har na dawo daga lacca. Minti nawa ya ɗauke ni? Ban ma ajiye jaka ba. Shi ne zan tafi in bar ku, ku biyu, a ɗaki ɗaya kamar kurame?

Bayana ana hamma. Wani yana buga benci da biro. Sufeto ya rubuta wani abu, na ji ƙarar takardar tun daga nan. Madalla. Haka nake so. Haka nake… Shekarun nan duka, tashin asuba, rataye a ƙofar bas, malaman da suka ce da hannu ma ina koyarwa — duk in zo in tsaya kamar turmi a gaban yara sittin?

"Madama," wata murya daga tsakiya. "Allon kike koya wa, ko mu?"

Dariya. Ajin duka. Kar ki juya, Ravaka, kar ki —

Na juya. Onja ce, 'yar ƙaramar nan mai kitso biyu da bakin da ba ya mutuwa, rigar makarantarta duk tawada. Tana kallona ido cikin ido, hannunta ɗaya a ƙarƙashin benci. Na san abin da ke can. Wainar shinkafa, irin ta bakin ƙofar makaranta, har man ya huda takardar.

Ƙafafuna ne suke tafiya, ba ni ba. Na karɓe wainar. Na ɗaga ta sama, sama sosai, inda hannunta ba zai kai ba… Dada, hannun wa ke nan? Kai ne a tsakar gida, ayaba a sama, ni ina tsalle da ƙafa ba takalmi. "Sai kin kira sunanta da Sifaniyanci, mija." Mija — 'yata. Neny tana faɗa daga taga: "Ka ba yarinya abinta, mugu, za ka sa ta yi tsawo da yunwa." Ba ka ba ni ba sai da na faɗa. Na faɗa, na cinye, na ce a kawo wata.

"Kina son abinki? Roƙe ni da Sifaniyanci."

Yaron gefenta ya raɗa mata, ba daidai ba. Wani daga baya ya gyara, shi ma rabi. Na ba su kalma ɗaya, ɗaya tak, sun cafe. Ta faɗa. Na gutsura mata kaɗan. "Madama, wannan ai zalunci ne," in ji ta, tana taunawa, kuma ga hannuwa sun tashi — wannan ya fito da gyaɗa, wancan da ɓawon lemo, wata ta ɗaga hularta wai ita kabeji take sayarwa. Benci ya zama rumfa. Suna ciniki, suna kuskure, suna gyara wa juna, ni ina tsakiya ina juyi, muryata har waje…

Tsaya. Ravaka, tsaya. Me kike yi haka?

Ba zan iya tsayawa ba. Ina jin daɗi, Dada. Kunya nake ji, amma ina jin daɗi har cikin ƙashina.

Kai ka jawo. Da safen nan na so in sulale, takalmi a hannu, don kar in nemi albarka. Wanda zai je ya faɗi da gangan, da wane ido zai durƙusa a yayyafa masa ruwa? Sai sandarka a jikin gado — ƙwas, ƙwas. Ka nuna farin kwano. Ka nuna kusurwar kakanni, inda ake sa albarka. Neny ba ta nemi tafinta ba, wannan karon ta gane tun kafin ni. Ta zuba ruwa, ta kai maka wajen hannun hagu, mai lafiyar. Ka kau da kai. Ka ƙi. Albarka a gidanmu ba ta taɓa fita ta hagu ba.

Sai ta ɗago hannun damanka. Hannun da ba ya jin komai, mai nauyi, yatsun a lanƙwashe. Ta riƙe shi da hannayenta biyu, ta tsoma a kwanon, ta kaɗa shi a kaina. Ruwan sanyi ya bi ƙeyata. Sau ɗaya, ta sake, ta sake. "Wannan hannun ya fi buhun shinkafa," ta ce, "yi sauri ka faɗi abin da za ka faɗa, tsoho."

Ka daɗe kana neman kalmar. Na ga tana yawo a bakinka. Na ɗauka za ka ce Allah ya ba da sa'a, irin abin da ake ce wa mai jarrabawa.

Ka ce: tafi.

Na ce a raina, ai makaranta yake nufi, kar in makara. Haka na yi ta gaya wa kaina a cikin bas. Amma kai… kai da kakana ya yayyafa wa ruwan nan ranar da za ka hau jirgin Kyuba, ka dawo da shaidarka a jaka, aka wuce da kai kai tsaye bakin kabarin dangi, nan ka gaishe shi — kai ne ba ka san abin da ake nufi da tafi ba? Ka sani. Ka lissafa ranakun da za ka yi ta kiran abu a kawo maka wani. Ka san wataƙila in dawo a wuce da ni… Ka sani, ka sa aka ɗaga hannun.

Ƙararrawa. Ba wanda ya tashi. Onja tana lasar yatsa, tana maimaita kalmar a hankali don kar ta gudu. Sufeto ya miƙe da ƙyar, yana murza gwiwa, ya rufe bironsa. Ya biyo ta gabana. Ya ɗan sunkuyar da kai, irin yadda malami yake gaida malami.

Na ci, Dada.

Na ci… bari in zauna a bencin nan tukuna. Yanzu kana can ka juya fuska wajen ƙofa, kana jira in shigo in faɗa maka. Za ka yi murna, na sani, da rabin bakin nan naka za ka yi murna. Neny kuma za ta tsaya a bayanka tana kallona, tana jira in fassara mata abin da ka ce.