Ɗigon Jan-Farce a Kan Kafasito

Ba na son mutum ya kawo mini kwamfuta yana cewa wai ƙaramin abu ne. In ƙaramin abu ne, me ya sa ka rungumo ta kamar jaririya tun daga tasha? Amma haka dattijon nan ya ce, ya dire ta a kan teburina yana haki. Tsohuwa ce tukuf, farinta ya koma ruwan ƙasa, rabon da in ga irinta an fi shekara. Shi mai surfani ne da inji, kuma injin nasa ba ya jin maganar kowace kwamfuta sai wannan.

"Garinku babu masu gyara ne, Malam?" na tambaye shi.

"Akwai. Makon jiya ma wani ya gyara mini ita. Kwana uku tana aiki, sai na ji fat, hayaƙi ya tashi. Na ce bari in canja hannu, aka kwatanta mini nan."

Baba yana bakin ƙofa a kujerarsa, inda yake wuni tun da hannunsa ya fara rawa ya bar mini shagon. Rediyo na kunnensa, ko juyowa bai yi ba.

Na kwance murfin. Warin ƙonannen allon cikinta ya buge ni, wannan warin da ke bin mutum har cikin abincinsa. Kafasito ɗaya, cikin 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allon, ya kumbura ya fashe, ruwansa ya malala ya cinye hanyoyin tagulla guda huɗu, wajen ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Na jawo fitila don in ga iyakar ɓarnar, sai idona ya sauka a kan sauran kafasitocin. Sababbi ne su tara, a jere, kowanne da ɗigon jan-farce a kansa. Na nemi kujera na zauna.

Mutum ɗaya na sani a duniya mai wannan ɗabi'a. Yayana ne. Duk kafasiton da ya canja sai ya ɗiga masa jan-farce, don in na'ura ta dawo ya gane aikinsa daga na wani. Nawa jan-farcen yake sacewa, mun sha faɗa a kan haka, ina zaginsa yana dariya yana ce mini ai farcena ba zai ƙara kyau ba ko da me na shafa. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da jin wannan dariyar.

Ni ce sanadi, gara in faɗa. Lokacin ina shekara goma sha tara, wani ofis ya kawo kwamfutar da duk takardunsu ke ciki. Baba ya ba Yaya aikin. Ya canja kafasito bakwai, saura ɗaya, sai ya fita sayen waya. Ni kuma da rawar kai na ɗauki ƙarfen dalma na liƙa na ƙarshen, don in nuna na iya. Kafasito yana da ratsin fari a gefe ɗaya, ƙafar da ke wajen ratsin tana da raminta, in ka juya shi sai ya fashe. Na juya shi. Yaya ya dawo ya tarar na rufe murfi, ya ce sannu da ƙoƙari, Auta. Da mutumin ofis ya zo aka kunna a gabansa, allon ya kama da wuta.

Baba ya wanke Yaya tas a gaban mutane, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, har ya ce ba zai bar wa sakarai shagonsa ba. Yaya ya dube ni sau ɗaya. Na sunkuyar da kai. Bai tona ni ba, washegari muka tarar ya kwashe kayansa. An neme shi ko sama ko ƙasa, lambarsa ta daina shiga, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Tun daga ranar ban taɓa buɗe wata na'ura ba sai na fara duba kan kafasitocinta. Ina kewarsa, kewar da ba ta tsufa.

"Malam, wanda ya gyara maka, yaya kamanninsa?"

"Wani dogo ne, ba ya son magana. Bahago. Teburinsa na ƙarƙashin matakalar bene a kasuwarmu." Ya ƙara da cewa, "Gaskiya ina jin idonsa ya fara tafiya. Sai ya kai allo har bakin hancinsa kafin ya liƙa abu."

Na ɗago fasasshen kafasiton da hantsaki, na duba. A juye yake, ɗigon jan na nan a kansa, zafi ya ɗan ƙona shi. Yayana da ke liƙa abu ko a duhu bai kuskure ba, yau shi ne ba ya ganin ratsin fari. Na juya wa dattijon baya, na yi kamar ina neman wani abu a durowa.

Na ce ya je ya zaga ya dawo. Na kankare baƙin, na wanke wajen da sifirit, na bi hanyoyin nan huɗu da siririyar waya ɗaya bayan ɗaya, ina gwadawa da mita. Dalmar Yaya tana nan yadda na san ta, ɗan tudu mai sheƙi, babu tsini babu zuba. Hannun bai canja ba. Na sa sabon kafasito, na duba ratsin sau uku kamar yadda nake yi kullum, na kunna. Fanka ta juya, rubutu ya fito.

Da dattijon ya dawo ya ga tana aiki, sai ya tambaya, "To, laifin wancan ne ko?"

"Tsufa ne, Malam. Kai ma in an kunna ka kwana uku a jere sai ka yi hayaƙi."

Ya yi dariya. Ni kuwa ban iya ba. Kafin in mayar da murfi na ɗauki kwamfutar a buɗe na kai wa Baba, na ɗora masa a cinya, na miƙa masa gilashinsa da fasasshen kafasiton. Ya kashe rediyon. Ya daɗe yana kallon jerin jajayen ɗigon nan, yana bin su da yatsa, sannan ya juya fasasshen a tafin hannunsa.

"A juye ya sa shi?"

"A juye. An ce idonsa ne." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. "Baba, na wancan karon ba shi ba ne. Ni ce."

Bai ɗago ba. Ya ce in buɗe durowarsa ta ƙasa, wadda ya hana kowa taɓawa, in ɗauko abin da ke naɗe a tsumma. Na warware. Allon ofishin nan ne, da ƙunarsa da komai. Kafasito bakwai da jan ɗigo, na takwas fasasshe, kansa fari fat.

"Kwana biyu da tafiyarsa na gani," in ji Baba. "Na san ba aikinsa ba ne. Na yi ta cigiya ba a same shi ba. Ke kuma na ce in na tambaye ki, sai in rasa ku duka biyun."

Na tsaya riƙe da allon. Shekara goma sha ɗaya muna wuni a shago ɗaya, muna cin abinci a kwano ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji wa, shi ko ni.

Baba ya sauke kwamfutar daga cinyarsa, ya dafa ƙofa ya miƙe, abin da sai an kama shi yake yi. Ya dubi mai surfani.

"Malam, motar garinku ƙarfe nawa take tashi?"

"Akwai ta ƙarfe huɗu."

"Auta, rufe shagon. Ki ɗauko babban gilashin nan mai fitila, da kujerar aikin yayanki in za ta shiga mota." Ya sa hannu ya karɓi allon, ya mayar da shi cikin tsumman, ya cusa a aljihu. "Wannan ni zan kai masa."