Dutsen Gugar Inna da Ƙusar Mai Gida

Ranar da wayar wutar gidan haya ta ƙone, mai gidan bai tambayi kowa ba. Ya tsaya a tsakar gida gaban maza da mata, ya nuna Inna mai guga da yatsa, ya ce dutsen gugarta ne ya zuƙi wuta har waya ta narke, ta kwashe komatsanta kafin ƙarshen mako. Shekara goma sha tara tana ɗakin nan. Ita ce ma ta fara jin ƙauri ta tashi mutane, amma wa ya tuna?

Inna ba ta san ko alif ba, amma ta san ƙarya idan ta ji ta. Ta naɗe dutsen a zani kamar jinjiri, ta nufi shagon mai gyaran wuta da ke bayan kasuwa, wata mace siririya mai tabarau da ake ce wa Injiniya.

"'Yata, ga mai laifin na kawo miki. In shi ne, ki faɗa min in jefa shi a rijiya. In ba shi ba ne, akwai wanda zai ji a jikinsa."

Injiniya ta yi dariya, ta ba ta kujera. Ta jona dutsen a soket, ta ɗauko na'urar awo, ta maƙala bakin na'urar a jikin wayar dutsen. Inna ta zuba mata ido.

"Inna, abu biyu na auna. Ƙarfin da ke turo wutar bolt ɗari biyu da ashirin ne. Wutar da dutsenki ke ja kuma amfiya biyar. In na ninka ɗari biyu da ashirin sau biyar, ya ba ni wat dubu ɗaya da ɗari ɗaya. Cinsa ke nan."

"To, acici ne ko mai kunya?"

"Mai kunya ne. In kuma na raba ɗari biyu da ashirin gida biyar, arba'in da huɗu ya fito. Om ake ce masa, wato yadda yake tirjewa ya hana wuta wucewa da yawa."

"Taurin kai dai. Ni ya gado."

"Wayar gida irin naku tana ɗaukar amfiya goma ba ta ko yi ɗumi sosai ba. Biyar ba za ta narkar da ita ba. Tashi mu je in gani."

Mai gidan yana zaune a zaure suka iso. Ya dubi akwatin kayan aikin, ya dubi Inna.

"Lauya kika ɗauko min, tsohuwa?"

"Lauya baki gare shi. Wannan awo gare ta."

Injiniya ta gaishe shi har ƙasa, ta nemi izini, ta kashe wutar gidan. Ta buɗe akwatin da ke jikin bango, ta sa filaya ta zaro wata ƙusa da ta yi baƙi ƙirin. Ta ɗaga ta kowa ya gani.

"Baba, nan gurbin fis ne, ɗan abin da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa don ya ceci waya. Wa ya sa ƙusa?"

Mai gidan ya ce ai fis ɗin ne ya cika tsinkewa, kullum sai an saya, ƙusa kuwa ba ta tsinkewa.

"Gaskiyarka, ba ta tsinkewa. Shi ya sa waya ta tsinke a madadinta."

Ta bi ƙonanniyar wayar da yatsa, daga ɗakin Inna, ta bayan kicin, har ta tarar da wani reshe da aka ɗaure da leda ya shige banɗakin mai gidan. Hitar dafa ruwan wanka ce a ƙarshensa, ƙatuwa. Ta ɗauko ta, ta mayar da wutar sashensa da bai ƙone ba, ta jona ta na ɗan lokaci, ta auna.

"Amfiya goma sha biyar. Wat dubu uku da ɗari uku. Tirjewarta kashi ɗaya cikin uku na dutsen Inna ne, shi ya sa take shan ninki uku. Ita kaɗai ta fi ƙarfin wayar."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta harari kowa ba. Ta rubuta lissafin a bayan kwali da manyan lambobi, ta miƙa wa wani tela da ke haya a ɗakin ƙofa ya sake bugawa a wayarsa ta hannu. Ya fito daidai.

Mai gidan ya sosa ƙeya, ya ce can ƙasa-ƙasa, to shi ke nan, Inna ta zauna.

"Zama kam ina zaune," in ji Inna. "A tsakar gida ka ɓata ni, a tsakar gida za ka wanke ni. Taso."

Ya taso. Ya faɗa cewa ba laifin dutsenta ba ne, sai da ta sa ya maimaita saboda wata maƙwabciya, matar direba, tana wanke-wanke ba ta ji ba.

Kwalin nan Inna ta karɓe shi ta kafe a bango saman teburin guga, da ƙusar da aka zaro. Ba ta iya karanta shi ba, amma duk wanda ya kawo kaya sai ta nuna masa arba'in da huɗun, ta ce rubutun Injiniya ne. Rigunan aikin Injiniya kuwa ta hana kowa taɓawa. Ita take goge su, har da kari a hannun riga.