Mage a Rumfar Huat

Huat mai taliya maƙaryaci ne, kuma da tuta ya yi ƙaryarsa, ba da baki ba.

A kwana taran bikin barin nama, duk garin Fuket fararen kaya ake sawa. Mahauta sun rataye wuƙaƙe. Dabba ta huta, ciki ya huta, kwatar kasuwa ma ta daina wari. Duk wanda ya kafa rawayar tuta a rumfarsa ya ɗauki alkawari ke nan: babu nama, babu kifi, babu albasa ko tafarnuwa, tukunyar ma sai wadda aka ware wa biki. Huat ya kafa tasa, har guda biyu.

Wata dattijuwa mai suna Kim Lian a wurinsa take sayen abinci kullum, saboda ɗanta Wirat. Bana ne Wirat zai taka garwashi a harabar ɗakin bauta, don cika alkawarin da ya yi lokacin da uwar ke kwance rai a hannun likita. Kowa kuwa ya san abin da ake faɗa a garin: wanda cikinsa bai tsarkaka ba, wuta ba ta yi masa kara. Wirat ya ce romon Huat kaɗai yake iya sha, na sauran kamar ruwan wanke kabeji.

Ana gobe taka wuta, Kim Lian na cikin layi da kwanonta, sai idonta ya faɗa ƙarƙashin teburin Huat. Maguna ne zaune, sun zuba wa tukunya ido. Ta dubi sauran rumfuna, masu awara da masu ganye. Ko jelar mage babu. Tana kallo wata ta yi tsalle ta hau lasar ludayi.

"Huat, ita ma wannan ta bar nama ne?"

"Son mutane gare ta, Yaya Lian. Ni kuma kin san ni da farin jini."

"Farin jinin naka a ludayi ya maƙale?"

Layi ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta karɓe ludayin, ta luma shi har gindin tukunya, ta ɗago wani ƙullin ƙyalle. Ta kwance shi a kan tebur. Ƙasusuwan alade ne, sun dahu har sun yi fari.

Huat ya ce, "Haba, ɗan ƙashi ne fa, ba tsoka ba. Wa ya mutu? Kun sha, kun suɗe kwano, kun dawo ƙari."

"Ɗana gobe zai taka wuta."

"To ya ɗaga ƙafa da sauri mana."

Ta ƙulle ƙyallen, ta kai wa dattawan ɗakin bauta yana ɗiga, da sanin cewa sunan ɗanta take zuwa cirewa daga jerin masu taka wuta. Suka cire shi. Washegari Wirat ya tsaya bayan igiya cikin fararen kayansa, yana kallon sa'o'insa na ratsa garwashi. Ƙafarsa lafiya lau, alkawarinsa sai baɗi. Ya jima bai yi wa uwar magana ba.

Huat kuwa, dattawa suka tuge tutocinsa a gaban jama'a, suka kifar da tukunyar a kwata, suka hana shi rumfa a layin ɗakin bauta har iyakar ransa.