Wata Ya Kwana Ashirin da Biyu

"Lamba goma sha ɗaya!"

Karo na biyu ke nan da nas ɗin ta kira. Auta ta miƙe, ta rataya jakarta, ta kama gwiwar hannun mahaifinta, amma tsohon ko gezau. Ya riƙe bakin benci da hannu biyu, kamar an ce masa za a ƙwace.

"Baba, mu ake kira. Tashi."

"Yau wata ya kwana nawa?"

Ta san tambayar nan tana tafe, ta dai yi fatan sai bayan an gama aikin idon.

"Goma," ta ce. "Ko sha ɗaya."

Ya sa hannu a aljihu, ya zaro wani ƙaramin gwangwanin man shafawa da fentinsa ya goge, ya buɗe, ya juye a tafin hannunsa. Maɓallan riga ne, manya da ƙanana. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Mutanen benci duk suka zuba masa ido, masu ido ɗaya da masu rabin ido.

"Ashirin da biyu," ya ce. "Ido na rasa, Auta, ban rasa lissafi ba. Wata yana raguwa. Ba mai sa mini wuƙa yau."

Nas ɗin ta matso da takardarta. "Baba, mu a nan da agogo muke aiki, ba da wata ba."

"'Yata, shekara arba'in ina gyaran agogo. Kada ki koya mini agogo."

Aka yi dariya a bencin, har ita nas ɗin sai da ta murmusa.

"To, Mai Agogo, na mayar da kai ƙarshen layi. Ƙarfe goma sha biyu likita zai ajiye aiki, mota na jiransa. In ka shirya kafin nan, bismilla. In ba haka ba..." Ta dubi Auta, ta ɗaga kafaɗa. "Lamba goma sha biyu!"

Auta ta san sauran maganar da nas ba ta ƙarasa ba. Wata bakwai suka yi suna jiran wannan rana, don likitan ido sau biyu kawai yake zuwa asibitin a shekara. Idon hagu ya riga ya tafi, an ce babu abin yi. Na dama kuwa yanar da ta rufe shi ta ƙosa, kuma a awon ƙarshe an gaya mata ɓaro-ɓaro cewa in aka ƙara jinkiri, shi ma zai bi ɗan'uwansa.

Maɓallan na Inna ne, Allah ya jiƙanta. Gwangwani biyu take ajiyewa a bakin taga. Ranar da wata ya tsaya sai ta tara maɓallan duka a ɗaya, kullum da magariba ta ɗauki guda ta jefa a ɗayan. Ba ta iya karatu ba, amma ba a taɓa kama ta da kuskuren kwana ba. Kuma gidan duk a kan lissafin nan yake tafiya. Ba a yi wa yaro aski sai wata na girma, don gashi ya cika. Ba a dasa ko barkono a tukunya, ba a yanka sabon yadi, ba a tarewa a sabon ɗaki, sai wata na girma.

Baba kuwa abin dariya ya mai da shi. Daraktar Wata yake kiranta. In ya dawo daga shago, tun daga ƙofa zai ɗaga murya: "Darakta, an ba mu izinin cin abinci yau, ko sai wata ya tsaya?" Ita kuma ko juyowa ba ta yi, sai ta ce, "Ci gaba da dariya. Agogonka batir na mutuwa ya tsaya. Nawa ba a taɓa kai shi gyara ba."

Wata takwas ke nan da rasuwarta. Tun ranar da aka share makoki Baba ya lalubo gwangwanayen, ya ci gaba da jefa maɓalli. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsokana, yanzu ko farce ba ya yankewa sai ya ƙirga.

Wata tsohuwa da ke gefensu, an rufe mata ido ɗaya da auduga da filasta, ta zunguri sandarsa da tata.

"Malam, ka bar wata ya huta. Tsoro ne kawai. Ni jiya aka yi mini, cizon sauro ma ya fi shi zafi."

"Baiwar Allah, da ke na yi?"

"Da kowa ka yi, tunda ka tsayar da layi. Ƙato da kai, gemu har ƙirji, kana gudun ɗan yaron likita."

"Da ido ɗayan kika ga gemun?"

"Bari a buɗe mini ɗayan anjima, in ga sauran abin kunyar."

Auta ta ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ta kama hannunsa ta ce su fita su sha iska. Wannan karon ya bi ta.

Bayan ɗakin jira akwai wata doguwar baranda, inda aka jingine tsofaffin gadaje da kekunan marasa lafiya da tayoyinsu suka cire. Ta zaunar da shi a kan dakali. Rana ta riga ta ɗaga. Da ta ɗaga kai sai ga shi can yamma, saman tankin ruwa: rabin wata, fari fes, siriri kamar guntun sabulun da ya kusa ƙarewa. Ba ta taɓa jin haushin wata ba sai ran nan.

Ta yi lallashi. Ta ce masa likita ya san aikinsa, ta ce minti ashirin ne, ta ce komai na Allah ne, wata ma bawa ne kamar kowa. Duk abin da ta faɗa sai ya gyaɗa kai ya ce haka ne, amma bai tashi ba. Ta ji an kira lamba goma sha biyar, an kira sha shida. Sai bakinta ya suɓuce.

"Shekara uku, Baba! Shekara uku ina raka ka har ƙofar banɗaki. Ina barin guga rabi a shago in rugo gida in ga ko ka taɓa risho. Ban taɓa ce maka na gaji ba. To yau na faɗa. Na gaji!"

Tana rufe baki ta yi da-na-sani. Ta so ya yi faɗa, ya zage ta ma. Sai ya sunkuyar da kai kawai.

"Kin yi gaskiya," ya ce.

Wani ma'aikaci ya wuce yana tura kwandon zannuwan gado, taya ɗaya na ƙara.

"Ranar da za a kai Innarki asibiti," ya ce, "kin tuna abin da ta faɗa a bakin ƙofa?"

"Na shiga ɗauko jaka lokacin."

"Ta ce a bari wata ya tsaya. Kwana shida kacal ta roƙa. Na yi dariya. Na ce, Darakta, ƙarin ciki ba ya duban sama. Ni na kama hannunta, makaho da ni, na sa ta a mota." Ya damƙe gwangwanin a hannunsa. "Shekara arba'in da ɗaya ina yi mata dariya, ran nan ma na yi. Ba ta dawo ba. Yanzu kuma in shiga da ƙafata a irin watan da ya ɗauke ta? In na yi haka na sake yi mata dariya ke nan."

Auta ta durƙusa a gabansa. Wata takwas tana zuba masa abinci, tana wanke masa kaya, ba ta san da wannan dutsen yake kwana yake tashi ba. Ita ta ɗauka kewa ce kawai.

"Baba, likitoci sun faɗa mana ai. Ciwon ya riga ya bazu. Ko kwana shida, ko sittin."

"Likitoci sun faɗi nasu."

Ta share fuskarta da bakin mayafi, ta yi ɗan tunani.

"Ka tuna haƙorina? Ina 'yar shekara tara, ya yi kogo, kumatuna ya kumbura kamar na ɓoye ƙwallo?"

"Kin hana unguwa barci."

"Kwana nawa Inna ta hana a kai ni a cire?"

"Kwana... huɗu ko biyar. Har muka yi faɗa."

"Me take jira?"

"Watanta mana. Ya girma."

"A'a, Baba. Lokacin wata yana sha ɗaya, yana kan girma. Jira take ya cika ya fara raguwa. Ka tuna lokacin da take fid da katifu rana saboda kuɗin cizo? Da lokacin da take tuge ciyawar bayan ɗaki? Duk sai wata ya juya. Maganar tata biyu ce. Abin da kake so ya ƙaru, ka taɓa shi wata na girma. Abin da kake so ya tafi kada ya dawo, ka cire shi wata na raguwa. Kai rabin farko kawai ka sani, don tana kai wa nan kake fashewa da dariya ka fice."

Ya ɗago fuska, fararen idanunsa suna kallon gefen kunnenta.

"Ƙirƙira kike yi. Ɗazu ma kin ce wata goma."

"Ɗazu na yi ƙarya. Yanzu kuwa ka tambayi Yaya, ka tambayi duk matan layinmu. Haƙorin ya sake damuna?"

Yatsunsa suna ta juya murfin gwangwanin.

"To in haka ne," ya ce a hankali, "nata aikin ai cirewa ne. Don me ta ce a jira?"

Nan Auta ta tsaya. Alkawari ne ta ɗauka, kuma wadda ta ɗaukar wa ba ta nan balle ta nemi izini. Ta dubi rabin watan da ya fara gangarawa bayan tanki, ta ce a ranta, Inna, ki yafe mini.

"Da yammar ranar, bayan an ba ta gado, kai ka fita alwala. Ta jawo ni ta ce, 'Auta, watan daidai yake, babu wanda ya fi shi kyau da cire abu. Ni ce dai ban shirya ba. Tsoro nake ji.' Sai ta ce, 'Kada ki gaya wa babanki na laɓe bayan wata. Zai yi mini dariya har in warke.'"

Hawaye suka gangaro wa tsohon, suka haɗu da ruwan maganin da aka ɗiga masa da safe, suka shige cikin gemu.

"Haka ta ce? Har ta warke?"

"Wallahi haka ta ce."

"Da na yi kuwa." Wani sauti ya fito masa, tsakanin dariya da kuka. "Darakta guda, da tsoron allura. Ashe mu biyu ne matsoratan gidan."

Ya ja hanci, ya goge fuska da hannun riga. Sai ya shafa agogon hannunsa, wanda ya cire wa gilashi tun da ido ya tafi don ya riƙa taɓa hannayen da yatsa.

"Sha biyu saura kwata. Ke kuma kin durƙusa kina ta surutu. Ɗaga ni."

Suka tarar ɗakin jira ya kusa zama wayam. Nas tana naɗe takardunta, an fara goge ƙasa.

"A'a, Mai Agogo! Wata ya ba da izini?"

"Tun tuni ya bayar, 'yata. Ni ne kunnena bai kai ba. Likitan nan naku, hannunsa ba ya rawa dai ko? Aikin ƙanana ba na kowa ba ne."

"In ka shiga sai ka gwada shi." Ta leƙa ciki ta yi magana, ta dawo da wata koriyar hula ta roba, ta cire tasa ta miƙa wa Auta, ta sa masa wannan. Ta kama hannunsa. "Daga nan ni ce 'yarka. Ke ki jira a waje."

A bakin ƙofa ya ja ya tsaya, ya juyo yana fuskantar bango.

"Auta."

"Ga ni ta nan, Baba."

Ya gyara tsayuwa ya bi muryar.

"Gobe in za a buɗe, ke za ki tsaya a gabana, ba likita ba. Kuma kada ki zo mini da rigar shago. Shekara uku ban gan ki ba."

Ƙofar ta rufe.

Auta ta koma bencin ta zauna, hularsa a cinyarta. Ta dubi hannayenta, duk tabon dutsen guga. Ta hango kanta a gilashin taga: ta rame, ga furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali, wadda Baba bai san da ita ba. Ta tura ta ciki, ta sake fitowa, sai ta ƙyale ta.

Rigunan fita uku gare ta, suna ƙasan akwati tun kafin rasuwar. Ta fara auna su a ranta, shuɗiyar ko mai furanni. Sai ta tuna, ita da ke goge kayan mutanen gari tun safe har yamma, ko ɗaya a cikinsu ba gogaggiya ba ce.