Na'urori Biyu na Baba Filibus

"Ƙara faɗinsa, Malam Haruna. Inci biyu kawai."

"Baba Filibus, wannan ai ya tashi daga aljihu, ya zama jaka," na ce, ina riƙe da kaftaninsa a kan keken ɗinki.

"Kai dai ɗinka. Wanda ya ƙera abin nan bai san da masu kaftani ba."

Shekara goma sha ɗaya shagona yana jikin gidansa a unguwar Nasarawa, kuma ban taɓa ganin dattijo mai son na'ura kamarsa ba. A masaƙa ya yi aikin gyaran injina. Da aka rufe ta, hannunsa ya ƙi zama wuri ɗaya. Sau uku yana kwance rediyon matarsa, Mama Rhoda. Daga na ukun rediyon ba ta sake magana ba. Ana haka 'yarsu Phoebe, wadda ke aure a Fatakwal, ta aiko masa da tabulet, irin mai faɗin nan kamar faranti.

Na ɗinka aljihun. Ranar Lahadi ya tafi coci kaftani a karkace, kamar an rataya masa bulo. Ana tsakiyar wa'azi aka kira shi. Sai da ya miƙe tsaye kafin ya iya zaro ta, ya kara a kunne, ta rufe masa rabin fuska. Mako biyu Mama Rhoda ba ta zauna benci ɗaya da shi ba.

Bayan wannan abin kunyar ya haye gada zuwa cikin gari ya sayo waya mai shafawa. Daga nan shagona ya zama kotu. Kullum da hantsi sai ya ture mini almakashi, ya jera su biyun a kan teburin yanka.

"Ƙaramar nan tana shiga aljihu, amma cajinta ba ya ganin la'asar," in ji shi. "Ga haruffa kamar ƙwan tururuwa. Na so in rubuta wa fasto 'sannu da aiki', ta aika masa 'sannu da aku'. Babbar kuwa, ko ba tabarau ina karanta Littafi Mai Tsarki. Amma shiga napep da ita, sai na kusa da kai ya riƙe maka rabi."

"To wacce ta fi, Baba?"

"Ana kan bincike."

A daminar bara ƙafafunsa suka fara kumbura. Daga ƙofarsa zuwa shagona sai ya tsaya ya huta. Ya ƙi zuwa asibiti, wai ya ɗora yatsa a wayar ta ce zuciyarsa lafiya lau.

"Babbar fa, me ta ce?" na tambaye shi.

"Ita ba ta sa baki a harkar lafiya."

Mama Rhoda tana tsaye da bokiti a hannu. "In ba ka tashi mun tafi ba, Baban Phoebe, yanzu zan jiƙa su duka biyun a ruwan wanki."

Ya dubi bokitin, ya dubi fuskarta, ya tashi.

A wani asibiti a Kakuri aka kwantar da shi. Likita ya gaya wa Mama Rhoda cewa zuciyar ta gaji. Phoebe tana watan haihuwa, ba halin tafiya, kuma shi ne jikansu na fari. Kullum Baba tambayarsa ɗaya, ko ta sauka.

Rana ta huɗu na je duba shi bayan azahar, na tarar Phoebe ta haihu, har ta kira su ta bidiyo. Mama Rhoda ta kara masa wayar a gaban ido, yana ta ƙifce-ƙifce.

"Ban ga komai ba. Jaririya ce wannan ko dankali? A kawo mini tabulet."

Wata nas da ke wucewa ta tsaya. "Baba, ai ka sha na rana. Sai ƙarfe shida kuma."

"Ba na haɗiya ba, 'yata. Na kallo."

Na koma gida na ɗauko ta a ƙarƙashin matashinsa. Da na dawo sai ga shi datarta ta ƙare. Da murya ƙasa-ƙasa, yana hutawa tsakanin kalma da kalma, ya koya mini yadda zan haɗa ta da wayar ta ja daga can.

"Ka gani? Babba ba ta motsi sai ƙarama ta ɗauke ta. Riƙe wannan a kanka, yana cikin binciken."

Muka kira Phoebe, sai fuskar jaririyar ta cika allon, jawur, tana hamma.

"Hancina ta ɗauko," in ji Baba. "Allah ya ba ta haƙuri."

Phoebe ta yi dariya tana share hawaye. Ya miƙa yatsa ya shafi kumatun yarinyar, kiran ya yanke. Sau uku muna sake kira, sau uku yana shafawa yana yankewa, har Mama Rhoda ta riƙe masa hannun a cikin nata.

Ranar Alhamis da hantsi ya rasu, Mama Rhoda tana ɓare masa lemo. Aka kai shi ƙauyensu kusa da Zonkwa. Hukuncin binciken kuwa, ba wanda ya ji shi.

Da Mama Rhoda ta dawo, wata yamma ta kira ni baranda. Phoebe na son hotonsa don addu'ar godiya a coci, ita kuma ba ta san inda ake dannawa ba. Na buɗe wayar, na buɗe tabulet ɗin. Muka yi ta ja har ƙasa, babu nasa ko ɗaya. Duk nata ne: tana shanya, tana tsince shinkafa, tana masifa da ludayi a hannu, tana gyangyaɗi a kujera baki buɗe. Kowanne sau biyu, ɗaya a ƙaramar, ɗaya a babbar.

"Wannan mutumin," ta ce. "Cewa ya yi hasken kyamara yake gwadawa."

Ta karɓe su ta ɗora a cinya, kowacce a gwiwa ɗaya. Can allon babbar ya dushe. Ta goge yatsanta a zani, ta taɓa gefensa a hankali, ya sake haske.